Nayagara: Matsirgar Ruwan Da Ake Rage Wa Ƙarfi Da Dare

A ƙarshen watan Oktoba na tashi daga Abuja, muka ya da zango a Turai, muka sauka a filin jirgin sama na Pearson da ke Toronto. Tafiyar sama ba ta da wani abin faɗi. A wurin jami'an shige da fice ne akwai abin da ya kamata mai zuwa daga wajenmu ya sani tun kafin ya ɗaure kaya. Na'urar da ake cike bayanai tana tambaya ko ka zo da abinci, kuma duk abin da ya shafi nama, kilishi ne ko dambu, ba ya shiga Kanada. Wanda ya faɗa da bakinsa karɓewa kawai za a yi, wanda ya ɓoye aka gano kuwa tara ce mai nauyi.

Daga tashar Union da ke tsakiyar Toronto jirgin ƙasa na GO yake tashi zuwa garin Nayagara da ke kan iyakar Kanada da Amurka, tafiyar awa biyu da 'yan kai. Mai mota zai bi babbar hanyar QEW, kimanin kilomita 130. Na zaɓi jirgin ƙasa don yana nuna wa mutum asalin labarin tun kafin ya ji ƙarar ruwa. Da zarar an zagaye ƙarshen tafkin Ontario ta wajen Hamilton, tafkin yana komawa hagu, a dama kuma sai ka ga wata doguwar kafaɗar dutse ta miƙe tana bin ku, gonakin inabi a gindinta. Wannan kafaɗa ta taso daga jihar New York, ta ratsa lardin Ontario, ta wuce har Michigan da Wisconsin, tsawonta ya haura kilomita 1,000. Ita ce matakalar da ta raba tafkin Erie da ke sama da tafkin Ontario da ke ƙasa, kuma tsakanin tafkunan biyu akwai bambancin tsawo na mita 99. Duk abin da ake yi a Nayagara, na kallo ne ko na lantarki, a kan waɗannan mita 99 ake yin sa. Kusa da St. Catharines jirgin yana haye mashigin Welland, wanda manyan jiragen ruwa ke bi su kauce wa matsirgar. Tsawonsa kilomita 43, yana da ɗakunan ɗaga jirgi guda 8, kuma idan jirgin ruwa ya zo wucewa gada ake ɗagewa, jirgin ƙasa ya jira.

Tashar jirgin tana tsohon gari, 'yan kilomitoci a arewa da matsirgar. Motocin bas na WEGO ne ke zagaya baƙi, kuma tikitin yini ya fi sauƙi a kan biyan tasi sau da yawa. Masauki iri biyu ne. Dogayen otal-otal na unguwar Fallsview taga suke sayarwa, kuɗinsu kan ninka na wasu sau biyu ko fiye. Ƙananan masaukai na kan titin Lundy's Lane, inda na sauka, ɗaki ne da ruwan zafi da na'urar ɗumama ɗaki, bas kuma na tsayawa kusa da ƙofa. Farashin da ka gani a rubuce ba shi za ka biya ba. A Ontario ana ɗora harajin kashi 13 cikin ɗari a wurin biya, a gidan abinci kuma ana sa ran ka bar wa mai kawo abinci kashi 15 zuwa 20. Abincin halal ba ya wuya, akwai masu shawarma da shinkafa da kaza irin ta Larabawa da 'yan Pakistan. Titin Clifton Hill, mai fitilu da gidajen wasa da hayaniya, wucewa kawai na yi.

Wurin da ake kira Table Rock shi ne kusa da bakin matsirgar ta ɓangaren Kanada, wadda ake kira Horseshoe saboda ta lanƙwashe kamar takalmin doki. Tsakaninka da inda ruwan ke karyewa taku kaɗan ne da shingen ƙarfe. Abin da ya fi kama ido shi ne kaurin ruwan a daidai bakin: kore ne shar, santsi kamar gilashi, kafin ya tarwatse ya zama fari. Wannan koren daga narkakken ma'adini ne da garin dutse mai laushi da kogin ke ɗauke da shi. Faɗuwar mita 57 ce, faɗin bakin kimanin mita 670, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da ke zuba ta nan yake bi. Feshin yana tashi sama ya dawo kamar yayyafi, kuma a sanyin Oktoba minti goma sun isa su jiƙa riga har ciki. Shingen ƙarfen yana ɗan rawa a tafin hannu.

Abin da yawancin masu ɗaukar hoto a wurin ba su sani ba shi ne rabin kogin suke kallo. Ruwan tafkuna huɗu, Superior da Michigan da Huron da Erie, shi ke fita ta kogin Nayagara, a matsakaici kimanin kubik mita 5,700 a kowace daƙiƙa. A 1950 Amurka da Kanada suka sa hannu a yarjejeniyar da ta ƙayyade abin da dole a bar wa matsirgar. Daga 1 ga Afrilu zuwa 15 ga Satumba, ƙarfe 8 na safe zuwa 10 na dare, ba za a bar ƙasa da kubik mita 2,832 a daƙiƙa ba. Daga 16 ga Satumba zuwa 31 ga Oktoba adadin ɗaya ne, amma lokacin yana ƙarewa ƙarfe 8 na dare. Sauran lokaci duka, wato kowane dare da dukan hunturu, kubik mita 1,416 ne kawai. Abin da ya rage na tashoshin lantarki ne, ƙasashen biyu su raba daidai, sai wani ɗan ƙari da Kanada ke ɗauka saboda ruwan Ogoki da Long Lac da ta karkato cikin tafkin Superior daga arewa. Da rana ana janye kusan rabi ke nan, da dare kusan kashi uku cikin huɗu.

Washegari na fita bayan asuba don in ga matsirgar kafin ƙarfe takwas. Gaskiyar magana, ido ba ya saurin gane bambancin a bakin Horseshoe. Labulen ruwan bai tsage ko'ina ba. Sai ka duba sama da matsirgar ka ga duwatsun da jiya ke nutse sun fito, ka leƙa ƙasa ka ga jiƙaƙƙen layi a jikin gaɓa sama da inda ruwan yake. Wannan rashin bambanci aikin injiniyoyi ne. A shekarun 1950 an tare ruwa a gefuna biyu na Horseshoe, aka fasa dutsen ƙasan kogin aka zurfafa shi don ruwa ya bazu zuwa gefe maimakon ya taru a tsakiya, sannan aka cike ƙarshen bakin a Table Rock da Terrapin Point inda ruwa ke tsiyaya kaɗan-kaɗan. An gyara bakin ne yadda rabin ruwa zai rufe shi kaf.

Idan ka bi gaɓa ka yi sama, za ka tarar da madatsar da ke yin wannan rabo. Ta taso daga gaɓar Kanada ta tsaya a tsakiyar kogi, ba ta kai ɗaya gefen ba, tana da ƙofofi 18. Ba ta tara ruwa irin na dam ɗin da muka sani. Aikinta ta ɗan ɗaga ruwan da ke bayanta don bakunan shan ruwa na tashoshin ƙasashen biyu su samu isasshe, idan safiya ta yi kuma a kwantar da ƙofofin ruwa ya wuce. Masu kula da ita ba sa barin ido, domin iska mai ƙarfi daga kudu maso yamma tana tura ruwan Erie ya taru a wajen birnin Buffalo, inda kogin ke fita daga tafkin, ya tashi da mita biyu ko fiye cikin 'yan sa'o'i, kogin ya cika ba tare da an yi ɗigon ruwan sama ba.

Don ganin dutsen kansa, ana sauka a lif mita 38 daga Table Rock zuwa ramukan da aka haƙa a bayan labulen ruwan. Ana ba kowa rigar leda. Ta tagogin ramin babu abin gani sai farin ruwa da ƙara, amma a dandalin da ke waje ana ganin jikin gaɓar falle-falle. Na sama dutse ne mai tauri, toka-toka, mai kauri, dangin dutsen farar ƙasa, ana kiransa dolomait na Lockport. A ƙarƙashinsa akwai dutsen laka na Rochester, laka ce da ta daskare, tana ɓarewa sirara-sirara. Ƙasa da su akwai wasu jerin dutsen yashi da na laka, har a kai jan dutsen laka na Queenston a can gindi. Mafi yawansu a ƙasan wani teku mai ɗumi marar zurfi suka kwanta, shekaru sama da miliyan 400 da suka wuce, shi ya sa ake samun burbushin murjani da ƙananan halittun ruwa a cikinsu.

Wannan jeri shi ya sa Nayagara ta zama matsirga a tsaye maimakon gangare. Kamar katangar ƙasa ce da aka yi wa hular siminti: feshi da ruwan da ke tsatsafowa ta tsagogi suna cin mai laushin da ke ƙasa, ƙanƙarar hunturu tana shiga tsaga ta buɗe ta, har na saman ya rage ba abin da ya tokare shi, ya karye ƙato-ƙato ya faɗi. Bakin ya ja baya, amma ya kasance a tsaye. Kimanin shekaru 12,000 da suka wuce, bayan shimfiɗar ƙanƙarar da ta rufe yankin ta narke, ruwan ya fara zubowa ne a kan waccan kafaɗar dutse a wajen Queenston da Lewiston. Daga nan ya ci baya kilomita 11 zuwa inda yake yau, kuma kwazazzabon da ke tsakani shi ne sawunsa. Masanin duwatsu Charles Lyell ya zo a 1841 ya yi lissafi a kan ƙafa ɗaya a shekara, ya samu shekaru 35,000. Awon da aka yi daga baya ya nuna saurin ya fi yadda ya ƙiyasta, domin kafin a fara janye ruwa bakin yana ja da baya mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a shekara. Yanzu bai wuce kimanin santimita 30 ba.

Tafiyar 'yan mintoci a sama da Table Rock akwai tsohuwar tashar kamfanin Canadian Niagara Power, wadda ta fara aiki a 1905, ta tsaya a 2006, aka buɗe ta ga baƙi a 2021. A ganina nan ne kuɗin tikiti ya fi biyan kansa. Janareto 11 na jere a doguwar farfajiya, fentinsu shuɗi, allon sarrafawa na marmara, ma'aunai na tagulla. Tsarin mai sauƙin fahimta ne. Ruwa yana shigowa daga kogi ta ƙarƙashin bango mai bakuna a nutse, don ƙanƙarar da ke iyo a sama ta tsaya a waje, ya ratsa ragar ƙarfe mai tare itace da shara, ya faɗa cikin bututu a tsaye zuwa gindin wani dogon rami. A can ƙasa farfelar ruwa take. Doguwar sandar ƙarfe ta taso daga farfelar har zuwa janareton da ke sama. Ruwan da ya gama aiki kuma yana fita ta ramin ƙarƙashin ƙasa. Yanzu lif mai gilashi yana saukar da mutum mita 55, yana wuce bututun da suka yi tsatsa hawa-hawa, sai ka taka ramin da ƙafa, mita 670, bangonsa jerin tubali ne da aka ɗora da hannu a hasken fitilar aci-bal-bal, ka ɓulla a bakin kogi dab da gindin Horseshoe.

Wani dattijo mai yi wa baƙi bayani, da ya ji tambayoyina, ya tsaya muka daɗe a kan maganar zagaye 25. Wutar gidajenmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka da Kanada sau 60, amma tashoshin farko na Nayagara 25 suke bayarwa. Dalili shi ne an riga an yi odar farfelun tashar farko masu juyi 250 a minti kafin a gama shawara a kan janareto, sai aka daidaita a kan 25. Ya dace da manyan injinan masana'antu, amma ƙwan fitila yana ƙyafta ido. Gyara wannan ya ci Ontario shekara goma, daga 1949 zuwa 1959, ma'aikata na bi gida-gida suna canja motar firiji da injin wanki da agogon bango.

Daga nan na bi titin gaɓar kogi na yi arewa. Kilomita kaɗan a ƙasa kwazazzabon ya matse, ruwan ya haukace, sannan kogin ya yi kwana kamar gwiwar hannu a wani ƙaton kwarmi mai zurfin mita 38 inda ruwa ke juyawa. Kimanin shekaru 4,200 da suka wuce matsirgar, tana cikin cin baya, ta ci karo da wani tsohon kwazazzabo da ƙanƙara ta binne da yashi da tsakuwa, wanda ake kira na St. David's. Ba dutse ba ne, don haka ruwan ya kwashe shi cikin ƙanƙanin lokaci ya bar wannan kwarmi. Keken igiya da injiniyan Sifen Leonardo Torres Quevedo ya tsara, wanda ke aiki tun 1916, yana ratsa samansa. A nan ne yarjejeniyar 1950 ta fi fitowa fili. Idan kogi ya cika, ruwan yana shiga ya zagaye kwarmin saɓanin tafiyar agogo, ya nutse ta ƙarƙashin mai shigowa ya fita. Idan aka janye ruwa, wannan zagaye yana mutuwa, ruwan ya bi ta ɗaya hannun ya wuce. Masu sauka bakin ruwa a dajin Niagara Glen da ke gaba kaɗan ana gargaɗinsu cewa ruwa na iya tasowa da sauri, kuma dutsen da ka tsaya a kai da sassafe ba lallai ya kasance a waje da hantsi ba.

Gaba kaɗan, inda kwazazzabon ya kusa ƙarewa, tashoshin zamani suna fuskantar juna: Sir Adam Beck ta ɗaya da ta biyu a Kanada, Robert Moses a Amurka. Me ya kawo su nan, nesa da matsirgar? Lissafi ne. Ƙarfin da ake samu shi ne yawan ruwa sau tsawon faɗuwa sau 9.81, a cire asarar inji. Kubik mita ɗaya a daƙiƙa da ya faɗo mita 40, irin na tsofaffin tashoshi, yana ba da kilowat 350 ko makamancin haka. Idan ya faɗo mita 90 zai ba da kusan 800. Matsirgar kanta ba ta riƙe dukan mita 99 ba, sauran suna cikin gangaren sama da na ƙasa. Don haka ake ɗebo ruwan tun daga sama, a zagaya da shi ta bayan gari ba tare da ya sauka ba, a sake shi a nan inda faɗuwar ta kusa cika. Beck ta ɗaya ta fara aiki a 1922 da buɗaɗɗen mashigi daga Chippawa da ke sama da matsirgar, ta biyu a 1954 da ramuka biyu a ƙarƙashin gari, kuma gaba ɗaya suna ba da wajen megawat 2,000.

Rami na uku, wanda aka buɗe a 2013, ya sha wahalar duwatsun da na ambata. Tsawonsa kilomita 10.2, yana ɗaukar kubik mita 500 a daƙiƙa, kuma injin da ya haƙa shi, da ake wa laƙabi da Big Becky, faɗinsa mita 14.4. Dole ramin ya nutse mita 140 don ya bi ta ƙarƙashin binnannen kwazazzabon St. David's, wannan kuma ya jefa shi cikin jan dutsen laka na Queenston. Rufin ramin ya riƙa zubowa a bayan kan injin kafin a ɗaure shi, aiki ya yi ta jan ƙafa, har aka canja hanyar aka ɗaga ta zuwa dutse mai ƙarfi. Kuɗin ya tashi daga dalar Kanada miliyan 985 zuwa wajen biliyan ɗaya da rabi. A Beck ta biyu ne kuma babbar ɗaukewar wuta ta 9 ga Nuwamba 1965 ta faro. Wata na'urar kariya da aka saita ƙasa da nauyin da layi ke ɗauka ta katse layi ɗaya, nauyin ya koma kan sauran suka bi sahu, cikin 'yan mintoci mutum miliyan 30 suka shiga duhu har birnin New York.

Ƙetarawa Amurka da ƙafa ake yi ta gadar Rainbow. Mai fasfo ɗin Najeriya sai da bizar Amurka daban, ta Kanada ba ta wadatar. Ana jefa kuɗin shiga kimanin dala ɗaya a ƙofar juyi ta ɓangaren Kanada, a ɗaya gefen kuma jami'i zai tambayi inda za ka da lokacin da za ka koma, a ɗauki hoton yatsu, a biya kuɗin takardar shiga ta I-94. Wanda ya taka gadar ba biza don kallo kawai, dole ya bi ta hannun jami'ai kafin ya koma, don haka kada a hau ta ba fasfo. An buɗe ta a 1941 bayan ƙanƙara ta taru a kwazazzabo ta tumɓuke ƙafafun tsohuwar gadar a Janairun 1938, shi ya sa aka ɗaga ƙafafun wannan sama a jikin dutse.

Filin shaƙatawar ɓangaren Amurka kyauta ake shiga. An kafa shi a 1885, bayan masu injin niƙa da masu karɓar kuɗin leƙe sun mamaye gaɓar har mutane suka yi ta ƙorafi. Tun 1678 da limamin Kirista Louis Hennepin ya ga wurin ya koma ya zuzuta tsawonsa ninkin-ba-ninkin, Turawa ke zuwa, amma 'yan asalin yankin, musamman Seneca, sun daɗe suna dakon kaya ta hanyar da ke zagaye matsirgar. Daga tsibirin Goat ana ganin matsirgar Amurka a kusa, kuma rabin tsawonta tarin duwatsu ne. Kashi goma cikin ɗari na ruwa ba ya iya niƙe abin da ya faɗo ya kwashe, kamar yadda Horseshoe ke yi. Manyan zaftarewa biyu, ta 1931 da ta Yulin 1954 a Prospect Point, su suka tara mafi yawansa. A Yunin 1969 injiniyoyin sojan Amurka suka datse wannan reshe da tarin dutse da ƙasa, matsirgar ta bushe har Nuwamba. Suka huda dutsen, suka auna tsagogi, suka ɗaure wasu wurare da ƙusoshin ƙarfe, suka yi ramukan tsiyayar da ruwa. A ƙarshe hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu ta yanke a bar tarin yadda yake, saboda tsadar kwashewa da kuma tsoron cewa shi ke tokare da gaɓar.

A wannan gefe tarihin lantarki ya fara. Jacob Schoellkopf ya sayi mashigin ruwan garin a 1877, zuwa 1881 ana kunna fitilu da shi, amma wutar ba ta tafiya nesa. Kamfanin da Edward Dean Adams ke jagoranta ya ba Westinghouse kwangila a 1893 a kan tsarin wuta mai juyawa na Nikola Tesla, janareto uku masu ƙarfin doki 5,000 kowanne. A 1895 suka fara ba masana'antar alminiyam wuta, a Nuwamban 1896 kuma wutar ta isa Buffalo a kan bolt 11,000. Ginin taransifoma ne kaɗai ya rage na wannan tasha. Ta Schoellkopf kuwa, wadda aka manna a gindin gaɓa, ranar 7 ga Yunin 1956 ruwa ya fara tsatsafowa ta bangon bayanta, ma'aikata suna ta tarewa da buhunan yashi, gaɓar ta tsage, kashi biyu cikin uku na ginin ya rufta cikin kogi. Mutum ɗaya ya rasu, kusan kilowat 400,000 suka ɓace nan take. Tsagogin da ke karya bakin matsirgar su suka ci ta. Kangonta yana nan ana gani.

Wannan asara ce ta sa majalisar Amurka ta yi dokar 1957, aka gina Robert Moses cikin shekara uku, ta fara ba da wuta a 1961. Dandalin baƙi na tashar kyauta ne, kuma daga samansa ana ganin tsarin duka. Manyan hanyoyin ruwa biyu a binne, kowace faɗin mita 14 da tsawon mita 20, suna ɗauko ruwa kilomita shida da rabi ta ƙarƙashin gari zuwa wani babban kwarmi a bayan tashar. Farfela 13 ke ƙasa a bakin kogi. A ɗaya ƙarshen kwarmin akwai tashar Lewiston mai injuna 12 da ke aiki gaba da baya. Da dare, lokacin da yarjejeniya ta ba da ruwa da yawa kuma gari na barci, suna tura ruwa sama cikin tafkin ajiya mai eka 1,900. Da rana su sako shi, ya juya su, ya sauka ya sake juya na Moses. Ana asarar wajen kashi ɗaya cikin huɗu na wutar da aka kashe wurin turawa, amma wutar rana ta fi ta dare daraja. Wani yanki na wannan tafki ƙasar al'ummar Tuscarora ce, sun yi shari'a har kotun ƙoli suka sha kaye a 1960.

Tashoshin biyu na Amurka suna ba da wajen megawat 2,600. Kainji da Jebba da Shiroro, idan aka haɗa ƙarfin da aka gina su da shi, 760 da 578 da 600, ba su kai 2,000 ba. Amma kwatancen bai tsaya a injuna ba. Kainji tana jiran ruwan damina na kusa, sannan ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini ya iso a makare, kuma da bazara tafkin yana ja baya, tsawon faɗuwa ya ragu, wuta ta ragu da shi. Nayagara ba ta gina ma'ajiya ba, ta tarar da ita. Erie kaɗai ya kai murabba'in kilomita 25,700, kusan ninki ashirin na tafkin Kainji, ga wasu uku a bayansa. Ruwan yana zuwa kusan daidai wa daida duk shekara, ya riga ya zubar da lakarsa a tafkuna, ba yashin da zai ci farfela.

Abokin gabarsu ƙanƙara ce. A Maris na 1848 ta toshe bakin kogin a wajen Buffalo, matsirgar ta kusa ƙafewa fiye da yini guda, mutane suka taka ƙasan kogin. Tun 1964 ake shimfiɗa shinge mai iyo a mafitar Erie tsakanin Buffalo da Fort Erie, yanzu na gangunan ƙarfe ne da aka ɗaure da igiyoyin ƙarfe a ƙasan tafki, tsawonsa kusan kilomita uku. Yana taimaka wa ƙanƙarar tafkin ta haɗe ta tsaya wuri ɗaya maimakon ta gangaro ta toshe bakunan shan ruwa. Idan iska ta yi ƙarfi gangunan suna nutsewa ƙanƙara ta haye, sannan su taso. Ana sa shi a Disamba, a cire shi a farkon bazararsu idan ƙanƙarar tafkin ta ragu. Akwai kuma wata ƙanƙara mai laushi da ke samuwa a cikin ruwa mai gudu a daren sanyi, tana manne wa ragar ƙarfe har ta toshe ta, kuma saboda irinta ake ajiye jiragen fasa ƙanƙara a sama da madatsar duk hunturu.

Na sake taka gadar na koma Kanada, jami'in can ya duba biza ya tambayi abin da na sayo, na kama jirgin yamma zuwa Toronto. Mai niyyar zuwa ya lura da kalanda: daga 1 ga Nuwamba ruwan rana ma yana komawa 1,416, matakalan katako na Cave of the Winds da ke gindin ƙaramar matsirgar Bridal Veil a ɓangaren Amurka ana kwance mafi yawansu a Nuwamba sai bazara a sake kafawa, jiragen ruwan da ke kai mutane cikin feshi kuma ana fitar da su daga kogi kafin ƙanƙara ta kama.